Freddie Mercury: Ɗan Zanzibar da ya mutu ya bar makwaikwaya da jan aiki

A shekarar 2011, shekara 20 bayan mutuwar Freddie Mercury, makaɗin gangar ƙungiyar Queen, Roger Taylor, ya shelanta wata gasa ta intanet. Matasa yake nema waɗanda za su riƙa hawa dandamali suna rera waƙoƙin Queen da yawun ƙungiyar, domin a lokacin masu kwaikwayonta sun cika gidajen rawa na Turai da Amurka, wasu gwanaye, wasu kuwa gashin baki na jabu da farin wando ne iyakar jarinsu. Cikin waɗanda suka aika da bidiyonsu akwai wani ɗan Kanada, Marc Martel, mawaƙin wata ƙungiyar waƙoƙin Kirista mai suna Downhere. Kafin mako ya zagayo miliyoyin mutane sun kalli bidiyon, da yawansu suna rantsuwa cewa muryar mamacin ce aka ɗora. A 2012 ƙungiyar da aka haɗa, Queen Extravaganza, ta fara zagaye.

Mutumin da ake wannan wahala don a farfaɗo da muryarsa a Afirka aka haife shi, kuma ba Freddie Mercury iyayensa suka raɗa masa ba.

Farrokh Bulsara ya zo duniya ranar 5 ga Satumba, 1946, a tsohon birnin Stone Town na tsibirin Zanzibar, wanda a lokacin yake ƙarƙashin Sarkin Zanzibar bisa kariyar Birtaniya. Iyayensa, Bomi da Jer, 'yan ƙabilar Parsi ne daga yankin Gujarat na Indiya, wato jikokin mutanen Farisa da suka yi ƙaura zuwa Indiya ɗaruruwan shekaru da suka wuce suna riƙe da addinin Zaradashti, wanda littattafan Musulunci ke kira Majusanci. Mahaifinsa ƙaramin ma'aikacin gwamnatin mulkin mallaka ne, mai karɓar kuɗi, yana da albashi daidai rufin asiri. Da yaron ya kai shekara 8 sai aka sa shi a jirgin ruwa zuwa Indiya, makarantar kwana ta St. Peter's da ke garin Panchgani, can bisa tsaunukan da ke kudu da Bombay. A nan abokai suka fara kiran sa Freddie, a nan ya ƙware a piyano, ya yi dambe, ya kuma shiga ƙungiyar kiɗa ta ɗalibai mai suna The Hectics yana ɗan shekara 12. Waɗanda suka zauna aji ɗaya da shi sun tuna shi da kunya, da kuma haƙoran gaba da suka turo waje saboda ƙarin haƙora huɗu da aka haife shi da su. Har ya mutu bai yarda an gyara su ba, don tsoron kada gyaran ya taɓa masa murya.

Ya koma Zanzibar a 1963. Cikin Disambar shekarar tsibirin ya sami 'yancin kai, ranar 12 ga Janairun 1964 kuma aka hamɓarar da Sarki Jamshid bin Abdullah a wani juyin juya hali da ya laƙume rayukan dubban Larabawa da Indiyawa. Iyalan Bulsara suka tattara abin da za su iya ɗauka suka nufi Ingila, suka sauka a wani ƙaramin gida a Feltham, kusa da filin jirgin saman Heathrow. Freddie yana da shekara 17, kuma bai sake komawa Zanzibar ba. Ko a hira da 'yan jarida ba kasafai yake son a tono zancen tsibirin ko na Indiya ba, abin da ya sa masoyansa da dama suka daɗe suna ɗaukar sa Baturen Ingila ne gaba da baya.

A Landan ya karanta zane-zane a kwalejin Ealing, ya fita da difloma a 1969. Ya yi dakon kayan fasinjoji a Heathrow, ya sayar da gwanjo a kasuwar Kensington tare da Roger Taylor, ya kuma gwada sa'arsa a wasu ƙananan ƙungiyoyi da ba su kai labari ba. Taylor da wani majiɗin jita, Brian May, suna da tasu ƙungiyar mai suna Smile, Freddie kuwa ya zame musu ɗan rakiya mai yawan ba da shawarar da ba a tambaye shi ba. Da mawaƙinsu Tim Staffell ya fice a 1970, sai ya karɓi makirfo. Shi ya zaɓa wa ƙungiyar sunan Queen, shi ya zana tambarinta, a wannan tsakani ne kuma ya ajiye Bulsara ya ɗauki Mercury. John Deacon ya cike gurbin mai jita mai kaurin amo a 1971.

Haɗuwar ta ban mamaki ce: May ɗalibin ilimin taurari ne, wanda sai a 2007 ya koma ya kammala digirinsa na uku, Taylor ya fara da likitancin haƙori ya ƙare a ilimin halittu, Deacon injiniyan lantarki ne. Wannan ya shafi sautinsu kai tsaye, kuma shi ne tsaunin farko da duk mai son kwaikwayon Queen yake cin karo da shi. Jitar May ba ta kanti ba ce. Shi da mahaifinsa suka ƙera ta a gida tun daga 1963, wuyanta daga katakon wani tsohon murhun ɗumama ɗaki, da sifirin na babur a cikinta, da maɓallan riga na mahaifiyarsa a matsayin alamomi. Ana kiran ta Red Special. Ba ya kaɗa ta da ɗan robar da sauran makaɗa ke amfani da shi, da tsohon kwabon sisi na Ingila yake karta ta, ya tura amon cikin amfilifaya ƙirar Vox AC30. Akwai kuma wata 'yar ƙaramar amfilifaya da Deacon ya harhaɗa daga tarkacen da ya tsinta a bola, wadda da ita May ke sa jita ta yi kukan goge ko na algaita. A shekarunsu na farko suna rubuta wa a bangon faya-fayansu cewa ba su yi amfani da na'urar ƙirƙirar sauti ba, don mutane sun ƙi yarda jita ce ke wannan aiki. A yau akwai kamfanin da ke ƙera irin wannan jita da izinin May.

Kundinsu na farko ya fito a 1973, waƙar Killer Queen ta kai mataki na 2 a jadawalin Birtaniya a 1974, amma aljihunsu wayam. Yarjejeniyar da suka sa wa hannu da kamfanin da ke kula da harkokinsu ta bar su da albashin mako kamar leburori, alhali faya-fayansu na ciniki har Japan. Sun raba gari da kamfanin a 1975, suka koma hannun John Reid, manajan Elton John, suka shiga situdiyo da sanin cewa in wannan kundin ya faɗi, ƙungiyar ta watse.

Kundin shi ne A Night at the Opera, a cikinsa kuma akwai Bohemian Rhapsody, wadda Mercury ya rubuta. Tsawonta ya kusa minti 6 a zamanin da gidajen rediyo ba sa son waƙar da ta haura minti 3, ba ta da amshin da ake maimaitawa, ta fara a hankali da piyano, ta faɗa salon opera, ta rikiɗe zuwa kiɗan rok mai zafi, sannan ta lafa. Abin da kunne ke ji kamar taron mawaƙa ɗari a tsakiyarta muryoyin mutum uku ne kacal, Mercury da May da Taylor, suna rerawa ana naɗa ana ɗora wani bisa wani, kwana da kwanaki, a ƙarƙashin kulawar Roy Thomas Baker, har zaren naɗin ya siɗe saboda yawan gurzawa. Masu kamfani sun ce a datse ta, suka ƙi. Wani mai gabatar da shiri a gidan rediyon Capital, Kenny Everett, ya yi ta saka ta a ƙarshen mako guda, masu saurare suka yi wa kantuna tsinke. Ta yi mako 9 a mataki na ɗaya.

Ga wani abu da ba kowa ke lura da shi ba. Queen da kansu ba su taɓa iya rera wannan sashe na opera kai tsaye a gaban jama'a ba. Idan an zo wurin, sai su sauka daga dandamali a kunna naɗaɗɗen faifai, fitilu su yi ta wasa, sannan su dawo da ƙarfi a sashen rok. Sun zaɓi haka a kan su tsaya suna motsa baki bisa faifai, kuma zaɓin na mutunci ne. Amma yana nufin ƙungiyar kwaikwayon da ta tara mawaƙa biyar ko shida ta rera sashen da bakinta tana yin abin da masu waƙar ba su yi ba. A nan ne gardamar wane ne na asali take rikicewa, domin sautin da mutane suka haddace a situdiyo aka gina shi, ba a dandamali ba.

A dandamali kuwa abin da Mercury ya kawo daban ne. Mutumin da ke noƙewa a gaban baƙi, da zarar ya riƙe guntun sandar makirfonsa sai ya zama wani. Wannan guntun sanda ma asalinta tsautsayi ne, ta karye masa a wani wasa tun kafin ya yi suna, ya ga ta fi daɗin riƙewa ya ci gaba da ita. Ya gane da wuri cewa taro ba kallo kawai yake so ba, so yake a ba shi aiki. Daga wannan fahimta ce We Will Rock You ta May da We Are the Champions tasa suka fito a 1977, waƙoƙin da aka tsara don dubban mutane su zama 'yan amshi, shi ya sa har gobe ake jin su a filayen ƙwallo. A 1980 sun hau mataki na ɗaya a Amurka sau biyu. Ɗaya daga cikin waƙoƙin biyu, Crazy Little Thing Called Love, shi kansa kwaikwayon salon Elvis Presley ya yi a cikinta. Wanda ake kwaikwaya a yau shi ma ya taɓa aron muryar wani. A 1981 suka shiga Ajantina da Burazil, inda a São Paulo mutum fiye da 130,000 suka taru a dare guda.

Tarihinsa yana da tabo, kuma tabon ya shafi Afirka. A Oktoban 1984 Queen ta je ta yi wasa a Sun City, wurin shaƙatawa da caca da ke Bophuthatswana, ɗaya daga cikin yankunan da gwamnatin wariyar launin fata ta Afirka ta Kudu ta keɓe wa baƙaƙe ta laƙaba musu 'yancin kai na bogi. A lokacin Majalisar Ɗinkin Duniya ta nemi mawaƙa su ƙaurace wa ƙasar, kuma kwamitinta na musamman mai yaƙi da wariyar yana hannun ɗan Najeriya, Manjo Janar Joseph Garba, kamar yadda Alhaji Yusuf Maitama Sule ya riƙe shi a baya. Sunan Queen ya shiga jerin waɗanda suka karya takunkumin, ƙungiyar makaɗa ta Birtaniya ta ci su tara. Hujjarsu ita ce su ba 'yan siyasa ba ne, kuma baƙi da fari sun zauna tare a wasan. Sun kuma ba da gudunmawa ga wata makarantar kurame da makafi. Hujjar ba ta da ƙarfi. Sun City ta samar wa mulkin wariya irin wannan hoto, kuma an biya su kuɗi mai tsoka. Ga wanda aka haifa a Afirka, wanda ya san yadda ake barin gida a guje, ya kamata lissafin ya fi haka. Shekaru da yawa bayan nan Taylor ya amsa cewa zuwan kuskure ne.

Wata tara bayan Sun City, ranar 13 ga Yulin 1985, aka yi gangamin Live Aid da Bob Geldof ya jagoranta don tara kuɗin agaji ga masu fama da yunwa a Habasha. Queen ta zo filin Wembley a matsayin ƙungiyar da ake ganin tauraronta ya fara dusashewa, musamman a Amurka. An ba kowa kimanin minti 20. Su kuwa suka ɗauki abin kamar jarrabawa: suka kama hayar gidan wasa suka yi ta gwaji da agogo, suka datse waƙoƙi shida suka ɗinke su ba tare da ɓata daƙiƙa ba. Mercury ya fito da farar singileti da wandon jins, ya sa mutum 72,000 tafi a lokaci guda, ya tsaya yana jefa musu sauti suna mayar masa. Wata ƙuri'ar masana harkar kiɗa a 2005 ta zaɓi wannan minti 20 a matsayin wasan rok mafi ƙayatarwa da aka taɓa yi kai tsaye. Singiletin nan da kuma rigar ruwan ɗorawa da ya sa a Wembley a 1986 su ne kayan aikin kusan duk mai kwaikwayonsa. Wasansa na ƙarshe da Queen an yi shi a Knebworth ranar 9 ga Agustan 1986, gaban mutum kimanin 120,000, ba tare da kowa ya san na ban kwana ne ba.

Rayuwarsa ta bayan dandamali ya tsare ta iyakar ƙarfinsa. Ya zauna da Mary Austin na wasu shekaru har zuwa 1976, lokacin da ya shaida mata cewa yana hulɗa da maza. Suka rabu amma ta ci gaba da zama amintacciyarsa ta kusa. Shekarun da ya yi tsakanin Munich da New York na holewa ne ba birki. Daga tsakiyar shekarun 1980 ya natsu a gidansa na Garden Lodge a Kensington tare da Jim Hutton da tarin kyanwowinsa. A 1987 aka tabbatar masa yana ɗauke da cutar ƙanjamau, a zamanin da babu maganin da ke riƙe ta, kuma jaridun tsegumi na Landan suna farautar masu ita kamar masu laifi. Ya ɓoye, ya duƙufa ga aiki. Ya yi kundin Barcelona da shahararriyar mawaƙiyar opera ta Sifaniya, Montserrat Caballé, ya yi The Miracle a 1989 da Innuendo a 1991 tare da Queen. A situdiyonsu na Montreux da ke Suwizalan ya riƙa zuwa duk ranar da jiki ya ba shi dama, yana naɗar murya a kan waƙoƙin da ya san ba zai ga kammaluwarsu ba, don abokansa su ƙarasa daga baya. Abin da suka yi ke nan a kundin Made in Heaven na 1995.

Ranar 23 ga Nuwamban 1991 ya fitar da sanarwa yana tabbatar da cutar. Washegari ya mutu a gidansa sakamakon ciwon huhu, yana da shekara 45. Limaman addinin Zaradashti ne suka yi masa addu'ar jana'iza, aka ƙone gawar, ya kuma bar wa Mary Austin gidan da kaso mafi girma na dukiyarsa, tare da amanar tokarsa. Har yau ba ta faɗa wa kowa inda ta binne ta ba.

Daga nan matsalar gado ta taso. Ranar 20 ga Afrilun 1992 aka yi taron tunawa da shi a Wembley, inda manyan mawaƙa irin su David Bowie da Elton John da Robert Plant da George Michael suka karɓi waƙoƙinsa ɗaya bayan ɗaya. Kuɗin da aka tara da shi aka kafa gidauniyar Mercury Phoenix Trust mai yaƙi da ƙanjamau. Taron ya nuna wani abu a fili: in ka cire George Michael, kusan kowa ya sha wuya da waƙoƙin. Deacon ya yi ritaya a 1997, bai sake hawa dandamali ba. May da Taylor sun ci gaba da Paul Rodgers daga 2004 zuwa 2009, sannan Adam Lambert daga 2011, dukansu biyu kuma sun kauce wa kwaikwayon Mercury, suna rerawa da nasu salon.

Wannan giɓi ne makwaikwaya suka cike. Sana'ar ta riga shi mutuwa: Bootleg Beatles sun fara a 1980, Björn Again masu kwaikwayon ABBA da Australian Pink Floyd Show duk a Ostireliya suka ɓullo a 1988, kuma na ƙarshen sun ƙware har David Gilmour na ainihin Pink Floyd ya gayyace su su yi wasa a bikin cikarsa shekara 50. Ta ɓangaren Queen, ƙungiyar Killer Queen ta Patrick Myers ta fara a 1993. Gary Mullen, ɗan Sikotlan, ya lashe gasar kwaikwayon mawaƙa ta talabijin, Stars in Their Eyes, a 2000, ya mayar da abin sana'a yana yawon duniya da shi. A birnin Rosario na Ajantina akwai Dios Salve a la Reina. Masu zuwa kallon su ba yaudarar su ake yi ba. Sun san ba shi ba ne. Tikitin ya fi arha, zauren ya fi kusa da gida. Masu haƙƙin waƙoƙin ma ba sa asara, tunda wuraren wasan na biyan kuɗin lasisi da ke komawa ga marubutan.

Jita ana iya sayen irinta, riga tela zai ɗinka, gashin baki a tsayar. Murya ce ta gagara. A 2016 wani masanin kimiyyar murya ɗan Ostiriya, Christian Herbst, da abokan aikinsa suka wallafa binciken da suka yi a kan naɗaɗɗun waƙoƙinsa da hirarrakinsa. Sun gano cewa muryar da yake magana da ita mai kauri ce, ƙasa da wadda yake waƙa da ita, kuma karkarwar muryarsa tana kaiwa kusan sau 7 a daƙiƙa, fiye da ta yawancin horarrun mawaƙa, ga ta kuma ba ta tafiya a kan tsari guda. Sun kuma ga alamar cewa idan zai yi gurnani yana girgiza wasu naɗe-naɗen maƙogwaro da ke saman igiyoyin murya, waɗanda galibin mutane ba sa amfani da su wajen waƙa. Tunda mai muryar ba ya raye, sai da suka ɗauko wani ƙwararren mawaƙi ya kwaikwaye shi, suka zura kyamara mai saurin ɗauka cikin maƙogwaronsa.

Fim ɗin rayuwarsa na 2018 ya samo fiye da dala miliyan 900, Rami Malek, ɗan wasu Misirawa da suka yi ƙaura zuwa Amurka, ya ci kyautar Oscar da shi, duk da cewa fim ɗin ya sassauya jerin abubuwan da suka faru, har ya kawo gano cutar gabanin Live Aid. A Zanzibar kuwa, inda a 2006 wata ƙungiyar Musulmi mai suna Uamsho ta yi adawa da shirin bikin cikarsa shekara 60 har aka fasa, an buɗe ƙaramin gidan tarihinsa a Stone Town a 2019. Waƙoƙin da ake ji a fim ɗin ba muryar Malek ce zalla ba: injiniyoyin sauti sun gauraya tasa da tsoffin naɗe-naɗen Mercury, inda waɗannan ba su wadatar ba kuma suka kira Marc Martel.